Ƙarancin Matuƙa Jirgi a Amurka, Ko Ƙarancin Albashi?

Ƙananan kamfanonin jiragen sama na Amurka, irin su SkyWest da Republic, su ke kwaso fasinjoji daga ƙananan garuruwa a madadin Delta da United da American. Sun daɗe suna kukan rashin matuƙa.

Suna ɗora laifin kan dokar 2013, wadda ta biyo bayan hatsarin jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a 2009, inda mutum 50 suka rasu. Yanzu sai mutum ya tara awa 1,500 a sama kafin ya zama mataimakin matuƙi, alhali a da awa 250 ta wadatar. Ga kuma ritayar dole a shekara 65.

Ƙungiyar matuƙa ta ALPA ta ce masu lasisi suna nan, albashin ne ya kore su, kuma hujjarta tana da ƙarfi. Koyon tuƙi kan laƙume kusan dala 100,000, galibi bashi, amma mataimakiyar matuƙin jirgin Colgan da ya yi hatsarin, a lokacin ba ta samun ko dala 20,000 a shekara. Sai a 2022 ƙananan kamfanonin Piedmont da Envoy suka ɗaga albashin sabon shiga zuwa dala 90 a awa. Giɓin da ya fi wuyar cikewa shi ne na ƙwararrun kyaftin, domin manyan kamfanoni suna ɗauke su da zarar sun goge.