Gida a Gangare: Ina Ruwa Zai Bi?

'Yan'uwana mata, mu mazauna Ƙofar Mata gani muke birnin Kano a shimfiɗe yake. To, ku je gindin Dala ko Goron Dutse ranar da aka tafka ruwa. Ruwan yakan gangaro ta lunguna, duk katangar da ta tare shi kuwa sai ya ci gindinta. A damunar 1988, shekarar da madatsar Bagauda ta ɓalle, gidajen ƙasa masu yawa sun rushe a Kano.

Saboda haka, uwargida, idan maigida ya sami fili a gangare, ki sa baki tun ba a haƙa harsashi ba, domin ke ce mai wuni a gidan. Ɗakunan kwana da rijiya su zauna ta tudu, masai da wurin wanke-wanke ta gangare, kada ƙazanta ta tsiyaya cikin ruwan sha. A yanka filin hawa-hawa, a ɗaure bakin kowane da dutse. Daɓen ɗaki ya ɗara tsakar gida tsawo, indararo ya zuba nesa da bango, kwata kuma kada ta nufi katangar maƙwabta.

Ku kuma 'yan makaranta, ku yashe kwata kafin ruwan fari.

Tun ran gini, tun ran zane. Allah ya tsare mu.