Abubuwan da ya kamata ka sani game da koyar da masu toshewar jijiyoyin ƙafa ta hanyar bidiyo

Akwai cutar da ɗaya daga cikin manyan magungunanta shi ne abin da mai ita ya fi gudu. Da zarar ya taka 'yar tafiya sai sha-raɓarsa ta ɗaure, dole ya ja ya tsaya. Ya je asibiti neman sauƙi, sai likita ya ce masa ya riƙa tafiya har ciwon ya zo. Wa zai karɓi wannan magana a ganawar minti biyar, ga layi a ƙofa yana jira? Shi ya sa asibitoci da ƙungiyoyin likitocin jijiyoyin jini suka shiga shirya gajerun bidiyoyi da mara lafiya zai kalla a ɗakin jira ko a wayarsa.

Wace cuta ce?

Jijiyoyin da ke ɗauke jini daga zuciya zuwa ƙafafu ne ke ƙuntata a hankali, saboda kitse da wasu tarkace da ke taruwa a jikin bangonsu, kamar yadda bututun famfo ke cunkushewa da daɗewa. Idan mutum yana zaune, ɗan jinin da ke wucewa ya ishi tsoka. Da ya fara tafiya sai buƙatar tsokar ta ƙaru, jinin ya kasa, ciwo ya taso a sha-raɓa, wani lokaci a cinya ko ɗuwawu. In ya tsaya, cikin mintuna goma ko ƙasa da haka ciwon ya lafa. Da yawa kuma ba sa jin komai, ko su ɗauka tsufa ne ko sanyin ƙashi.

Shan taba da ciwon suga su ne kan gaba wajen jawo ta, sai hawan jini, yawan kitse a jini, ciwon ƙoda da yawan shekaru. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce a 2015 mutum kimanin miliyan 236 ne ke ɗauke da ita a duniya, kuma fiye da kashi biyu cikin uku suna ƙasashe matalauta da masu matsakaicin arziki. Gano ta ba wuya: ana auna ƙarfin bugun jini a idon sawu da damtse, a raba na sawu da na damtse. In sakamakon ya kai 0.90 ko ya gaza haka, akwai toshewa.

Abin da marasa lafiya suka fi rashin sani shi ne haɗarin bai tsaya a ƙafa ba. Abin da ya toshe jijiyar ƙafa yana nan a na zuciya da na ƙwaƙwalwa, don haka bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki sun fi yanke ƙafa yawan samun masu cutar.

Me ya kawo bidiyo cikin maganar?

Na farko, jahilcin cutar ya yi yawa. A Amurka ma, da aka tambayi mutum kusan 2,500 masu shekara 50 zuwa sama a wani bincike da aka buga a 2007, kusan ɗaya cikin huɗu ne kawai suka ce sun san ta. Na biyu, mantuwa. Masanin ƙwaƙwalwa Roy Kessels ya rubuta a 2003 cewa marasa lafiya kan manta kashi 40 zuwa 80 cikin ɗari na abin da aka faɗa musu a asibiti nan take, kuma kusan rabin abin da suka riƙe ma ba daidai suka riƙe shi ba. Wanda aka ambata masa yiwuwar yanke ƙafa, duk abin da aka faɗa bayan nan iska ce ta kwashe.

Takarda ba ta cike wannan giɓi ga wanda ba ya karatu, ko wanda suga ya taɓa masa ido. Bidiyo kuwa ana maimaita shi, ana tsayar da shi, kuma uwargida ko ɗan da ke raka tsoho asibiti su ma za su kalla, su ne kuwa masu girki da sayen magani. Gani ya kori ji: yadda ake duba tsakanin yatsu, ko yadda launin yatsan da jini bai isa ba yake, ba abin da baki zai iya siffantawa ba ne yadda kyamara za ta nuna.

Darasi mafi wuyar shiga: tafiya cikin ciwo

A nan ne bidiyo ya fi amfani, kuma a nan ne ya fi sauƙin ɓatar da mutum. Tsarin da likitoci suka amince da shi kusan ɗaya ne: ka yi tafiya da saurin da zai kawo ciwon cikin 'yan mintuna, ka ci gaba har ya yi matsakaicin ƙarfi, ka tsaya ka huta har ya wuce, ka sake tashi. Haka za ka yi ta yi na minti 30 zuwa 45, aƙalla sau uku a mako, na tsawon mako 12 ko fiye. Hukumar NICE ta Ingila tun 2012 ta ce a fara ba kowane mai irin wannan ciwo atisaye a gaban ma'aikacin lafiya, awa biyu a mako na wata uku. Inshorar Medicare ta Amurka ta fara biyan kuɗin irin wannan atisaye a 2017, har zama 36.

Atisayen ba ya wanke toshewar. Tsokar ce ke koyon cin moriyar iska kaɗan da jini ke kawo mata, ƙananan jijiyoyi su ƙara aiki, tafiyar mutum ta gyaru. Bidiyon da ya yi alƙawarin buɗe jijiya ta hanyar tafiya ya wuce gona da iri.

Shin dole sai an ji ciwon? Farfesa Mary McDermott ta Jami'ar Northwestern a Chicago ta jagoranci wani gwaji mai suna LITE da aka buga a mujallar JAMA a 2021, kan mutum 305 da ke atisaye a gida na shekara guda. Waɗanda suka riƙa tafiya da saurin da ke kawo ciwo, nisan tafiyarsu ya ƙaru. Waɗanda suka yi ta tafiyar jin daɗi ba ciwo, ba su bambanta da waɗanda ba su yi atisayen ba. Don haka bidiyon da ya nuna dattijo yana murmushi yana yawon shan iska a lambu, kyau ne kawai gare shi. Na ƙwarai shi ne wanda zai nuna shi ya ɓata fuska, ya dafa bango, ya huta, sannan ya ci gaba, mai bayani yana faɗin cewa irin wannan ciwo ba lahani yake yi wa ƙafar ba.

Ciwon da ba a daure masa

Wannan sashe bai kamata ya wuce minti ɗaya a bidiyo ba, amma bidiyon da ya tsallake shi haɗari ne. Ciwo a yatsu ko tafin ƙafa da daddare, wanda ba ya sauƙi sai an sauko da ƙafar daga gado. Gyambon da ya ƙi warkewa. Yatsan da ya fara baƙi: duk alamun cewa jini bai isa ba ko a zaune. Mai wannan ba atisaye yake buƙata ba, likitan jijiyoyin jini yake buƙata cikin gaggawa. In kuwa ƙafa ta yi ciwo farat ɗaya, ta yi sanyi, ta koɗe, ta mutu ko ta ƙi motsi, awanni ake ƙirgawa, kusan shida, ba kwanaki ba. Haka nan ciwon ƙirji, jiri ko sarƙewar numfashi yayin tafiya, a tsaya a nemi asibiti.

Ƙafa, taba da ƙwayoyi

Wani bincike da aka buga a 2019 kan masu gyambon ciwon suga 336 a manyan asibitoci shida na Najeriya ya samu kusan rabinsu da toshewar jijiyoyin ƙafa, kuma fiye da ɗaya cikin uku sai da aka yi musu yanka. Irin wannan gyambo daga abu ƙanƙani yake farawa: ƙaya, matsattsen takalmi, faso a dunduniya.

A ganina a nan ne bidiyon da aka ɗauka a Landan aka ɗora masa muryar Hausa yake gazawa. Zai ce a duba ƙafa kullum, da madubi in ba a iya sunkuyawa, a saka hannu cikin takalmi kafin a sa, kada a taka ƙasa ba takalmi. Duk daidai ne. Amma ba zai ce a tsane tsakanin yatsu bayan alwala ba. Bai san mai yankan farce da ke yawo da almakashi ɗaya ba, bai san reza da ake kankare kaushi da ita ba, bai san tsaga da ƙahon wanzami a ƙafar da ba ta da jinin warkar da rauni ba. Bai san kaskon garwashi da ake gasa ƙafa a kai da hunturu ba, alhali mai suga na iya ƙonewa bai ji ba, haka ma rairayin tsakar rana a bazara. Lalle ma, duk kyansa, yana rufe sauyin launin da ake son a gani da wuri.

Maganar taba gajeriya ce: a daina gaba ɗaya, ragewa bai wadatar ba. Ƙwayoyin magani kuwa suna buƙatar bayani, domin mai ciwo kan yar da abin da bai rage masa zafi ba. Maganin rage kitse na rukunin sitatin, da asfirin ko makamancinsa da ke hana jini dunƙulewa, ba don ciwon sha-raɓa ake ba da su ba, don kare zuciya da ƙwaƙwalwa ne. Likita ne zai rubuta su, musamman ga mai gyambon ciki ko wanda ke saurin zubar jini.

Bidiyo kaɗai ya isa?

A'a. Abin da nazarce-nazarce kan bidiyon koyar da marasa lafiya suka fi nunawa shi ne sani yana ƙaruwa. Sauya ɗabi'a kuwa wani lokaci a samu, wani lokaci a rasa. Wata bita da aka buga a 2014 ta lura cewa bidiyon da ke nuna mutane suna aikata abin ya fi tasiri a kan wanda mai farar riga ke zaune yana karanto bayani.

Gwaje-gwaje biyu na McDermott, ko da yake ba bidiyo aka gwada a cikinsu ba, suna da abin koyi. A 2013, masu cutar da ke haɗuwa mako-mako da mai horarwa da 'yan uwansu marasa lafiya, sannan su yi tafiyarsu a gida, sun samu ci gaba cikin wata shida. A 2018 kuwa, da aka dogara ga na'urar ƙirga motsi da kiran waya bayan 'yan ziyarce-ziyarcen watan farko, ba a ga bambanci ba bayan wata tara. Na'ura tana tunatarwa, amma sanin cewa wani zai tambaye ka ranar Talata shi ke fitar da mutum daga tabarma.

Shi ya sa asibitin da ya san aikinsa ba ya kunna bidiyo ya juya baya. Bayan an kalla, nas za ta ce: “Baba, in ka koma gida, yaya za ka yi wa Hajiya bayanin lokacin da za ka tsaya da lokacin da za ka ci gaba?” Daga amsarsa za a san abin da ya shiga da wanda ya zube a hanya.

Wanda aka turo ta WhatsApp fa?

Duba wa ya yi shi, kuma me yake sayarwa. Duk bidiyon da ya ƙare da lambar waya da farashin wani garin magani mai “wanke jijiya”, talla ce. Sannan a tabbata cutar da ake magana a kai ita ce taka. Kumburarrun jijiyoyi da ke fitowa a fatar ƙwauri wata matsala ce daban, ta jijiyoyin da ke mayar da jini zuciya, kuma shawarar da ake ba masu ita, wato ɗaga ƙafa sama da sa matsattsiyar safa, tana iya cutar da wanda jini ba ya isa ƙafarsa. Bidiyoyin biyu duk za su ce “jijiyoyin ƙafa”. Kafin ka ɗaure ƙafa da komai ko ka sauya magani, tafi da wayar asibiti, ka kunna wa wanda ya auna maka idon sawu ya gani.