Labarin Hatsin Kwali na Amurka, Mai Aron Sunan Alewa

 

Abin da ya jawo maganar yau, ran nan bayan sallar La'asar wani tsohon almajirina, wanda yanzu Allah ya buɗa masa har yana da kanti, ya shigo zaure da wani kwali a hammata. Ya durƙusa ya yi gaisuwa, sa'an nan ya ce, "Allah gafarta Malam, wani abokin cinikina ne ya aiko mini da wannan daga Amurka, wai in gwada, in ya karɓu ya turo da yawa. Ni kuwa na ce ba na sa kuɗina sai na ji ta bakinka." A jikin kwalin ga hoton biskit ƙato. Da aka buɗe babu biskit ko ɗaya, sai waɗansu 'yan ƙwayoyi busassu marasa nauyi da aka yi wa siffar biskit, a gauraye da waɗansu farare masu kama da alli. Ya ce madara ake zuba musu, a sha da cokali da safe. Na ce ya bar mini shi kwana 3 in bincika, don fatawa ba a ba da ita a kan abin da ba a san asalinsa ba.

To, ga asalinsa. Wannan abinci mutanen Amurka ke karya kumallo da shi, suna ce masa siriyal, watau hatsi. Abin mamaki kuwa, a gidan jinya aka haife shi. A garin Battle Creek, cikin jihar Mishigan, akwai wani likita, John Harvey Kellogg, ɗan wata ɗariƙar Kirista masu ibada ranar Asabar. Shi ke shugabancin gidan jinyarsu, inda ba a cin nama, ba a shan giya, ba a shan taba. A ganinsa yawancin cuta daga ciki take tasowa, maganinta kuwa abinci lami, marar yaji, marar zaƙi. A 1894 shi da ƙanensa Will suka murje dafaffiyar alkama ta fito fale-fale, suka gasa ta, majinyata suka so ta. Daga baya suka yi haka da masara. Shi ƙanen ɗan kasuwa ne, ya ga lalle in an sa sukari ciniki zai fi tafiya. Wan ya ƙi. A 1906 ƙanen ya kafa kamfaninsa, rigimar suna ta kai su har gaban alƙali, shi ne kuwa ya yi rinjaye.

Akwai kuma wani, C. W. Post, wanda ya yi jinya a wannan gida, ya fito ya kafa nasa kamfani a garin. A 1897 ya fito da wani hatsi ya sa masa suna Grape-Nuts, ma'anarsa inabi da 'ya'yan itace masu ɓawo, alhali kuwa babu ko ɗayansu a ciki, alkama ce da sha'ir. Mai karatu ya riƙe wannan, don tun daga farko suna da abin da ke cikin kwali suka raba hanya.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sai al'amarin ya juya gaba ɗaya. Talabijin ya shiga gidaje, kamfanoni suka gane yaro shi ke jan hannun uwarsa a kanti. A 1952 kamfanin Kellogg ya fito da masara mai lulluɓin sukari, da hoton damisa a jikin kwali. Waɗansu irin nan ma da kalmar sukari suke fara sunansu, ba kunya. Da iyaye da likitoci suka fara ƙorafi, cikin shekarun 1980 aka kankare kalmar daga jikin kwali, aka sa zuma ko zinariya a madadinta, sukarin kuwa yana nan inda yake. A 2011 wata ƙungiyar bincike a can ta auna ɗaya daga cikinsu, mai suna Honey Smacks, ta tarar fiye da rabin nauyinsa sukari ne. Wanda ya auna mudu a kasuwa ya san ma'anar wannan. In rabin abin da ke cikin kwano sukari ne, to sai a ce sukari aka sa wa hatsi.

Daga nan mataki ɗaya ya rage, watau a daina kwaikwayon abinci, a kwaikwayi kayan kwalama. A 1977 aka fito da Cookie Crisp, mai siffar ƙananan biskit masu ɗigon cakulan. A 1984 aka yi Cinnamon Toast Crunch, mai ɗanɗanon gasasshen burodi da kirfa. A 1994 aka yi Reese's Puffs, da sunan wata alewar cakulan da gyaɗa. Abin da uwa ke hana yaro ci kafin abinci, shi aka mayar masa abincin safe.

Amma inda hikimar 'yan kasuwar nan ta fi fitowa, wanda shi ne ya fi ɗaukar hankalina, ga shi. Akwai wani biskit baƙi mai farin ciko da ake kira Oreo, tun 1912 ake yinsa. A ƙarshen shekarun 1990 kamfanin Post ya yi hatsi da sunansa, Oreo O's. A 2007 aka daina yinsa ko'ina, sai a Koriya ta Kudu kaɗai. Yaran da suka sha shi suka girma, suka kama aiki, suka sami kuɗin kansu, sai begensa ya kama su. Har waɗansu suka riƙa yin odarsa ta intanet daga Koriya da tsada, a ƙetaro teku da shi, don kawai su sake jin ɗanɗanon safiyar gidan ubansu. Kamfani ya ga haka, a 2017 ya komo da shi kasuwar Amurka. Haka ya faru ga French Toast Crunch, mai siffar 'yan yankan burodi: an janye shi a 2006, jama'a suka yi ta roƙo, aka mai da shi a ƙarshen 2014. Da sauran kamfanoni suka ga ƙofa ta buɗe sai aka yi ta tururuwa. A ƙarshen 2018 aka yi hatsi da sunan alewar nan mai tsami, Sour Patch Kids. A 2019 aka yi na Twinkies, wani kek mai ciko da aka fara yi tun 1930. A 2020 aka yi na wani biskit na Little Debbie, daidai da cikarsa shekara 60.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Cinikin hatsin safe ya daɗe yana ja da baya a Amurka, don mutane sun koma karyawa a tsaitsaye, a mota ko a wurin aiki. Saboda haka masu shi suka bar kiran yunwa, suka koma kiran tunani. Ni ban ga laifin mai bege ba. Ni da na haura 50, har yau in na ji ƙanshin nakiya sai in tuna ranar saukar karatuna. To, a ce wani ya zo da garin masara, ya mulmula shi da siffar nakiya, ya ɗiga masa ƙanshinta, ya rubuta nakiya a jikin kwali. Zan iya saye, amma babu shinkafar, babu zumar, babu hannun tsohuwar da ta daka. Kama da wane ba wane ba ne.

Yanzu mu zo ga fararen ƙwayoyin nan, don a kansu hukunci ya rataya. Wata alewa ce da suke kira mashmalo, an busar da ita. An fara sa ta cikin hatsi a 1964, a wani mai suna Lucky Charms na kamfanin General Mills. Abin da ke riƙe jikinta wani danƙo ne, jelatin, wanda ake samu ta hanyar dafa fata da ƙashin dabba. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa na cikin tasa alewar daga alade yake. Bai ɓoye ba ga wanda ya tambaya. Sai dai a jikin kwali jelatin kurum ake rubutawa, ba a faɗin dabbar. Ko da na saniya ne, akwai tambayar yanka.

Malaman zamani sun saɓa a kan wannan. Wani taro da aka yi a Kuwait a 1995 ya tafi a kan cewa jelatin ya rikiɗe daga asalinsa ya zama wani abu dabam, kamar yadda giya kan juye da kanta ta zama khalli, don haka ya halatta. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi kuwa, a zamanta na Amman a 1986, ta ce bai halatta a ci jelatin alade cikin abinci ba, tun da akwai na tsiro da na dabbar da aka yanka. Ni ga maganar Amman na karkata. Da magani ne wanda rai ya rataya a kansa, da sai a yi maganar lalura. Wace lalura ce ke cikin alewar karin kumallo? Ga ɗan kasuwa kuma akwai ƙarin nauyi, don a mazhabarmu ta Malikiyya sharaɗi ne abin sayarwa ya zama mai tsarki, mai saye kuwa da amanar mai kanti yake ɗauka.

Kada wani ya ce na haramta hatsin kwali duka. Da yawa babu komai cikinsu sai masara da sukari da gishiri. A nan ƙasar ma ana yinsu: ga NASCO a Jos, ga Golden Morn na masara da waken suya, ga masana'antar da Kellogg ya buɗe a Legas a 2017. Kuma suna ɗaya kan zo da haɗi dabam daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka kowane kwali da hukuncinsa.

Da kwana 3 suka cika almajirin nan ya komo. Na sa ɗana mai karatun boko ya juya kwalin, ya karanta mana ƙananan rubutun da ke gefe. Dokar Amurka ta wajabta a jera kayan haɗi bisa nauyinsu, mafi yawa a gaba. Gari ne na farko, sukari na biyu, can ƙasa ga jelatin. Na ce, "Alhaji, in ka sa kuɗinka yanzu ka yi cinikin biri a sama. Rubuta wa abokinka ya tambayi masu yinsa wace dabba ce, su ba da amsa a rubuce. In alade ne, ka bar shi. In ba shi ba ne, ka komo mu duba maganar yanka, kuma in ka kasa shi ka gaya wa iyayen yara alewa ce." Ya ce, "Na ji, Allah gafarta Malam, yau da dare zan rubuta." Kwalin yana nan a zaure bisa tarin alluna, ban bar yara sun taɓa shi ba, muna jiran amsa.

Wassalamu.