Me Ya Sa Hofs Ba Ya Yi A Ƙasar Zazzau?

A cikin watan Janairu na shekarar 1988 gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da tsiron sha'ir daga ƙasashen waje. Masana'antun giya da na lemon malt suka koma ga dawa, musamman irin gajerar kaura mai lamba SK5912, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta fitar. Dawa ta toshe gurbin sha'ir. Amma akwai wani sinadari guda da gonakinmu suka kasa bayarwa, wato furen wani tsiro da ake kira hofs. Ko da mutum ba ruwansa da giya, labarin wannan tsiro yana ɗauke da darasi babba ga ɗalibin ilmin halittu da kuma manomi.

Masana suna kiran tsiron nan Humulus lupulus, kuma danginsu ɗaya da tabar wiwi. Mai yaɗo ne, yana naɗe igiya yana hawa har ya kai mita 6 ko fiye a shekara guda. Da mace da namiji daban-daban suke, kamar yadda dabino yake, kuma macen kaɗai ake nomawa. Ita ce ke fitar da wasu ƙananan curi masu ɓawo-ɓawo, a cikinsu akwai wani gari rawaya mai danƙo da ake kira lufulin. Garin nan shi ke da ɗaci da ƙanshi, yana kuma hana wasu ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa. Saboda haka ne abin shan da aka sa wa hofs yake daɗewa bai lalace ba, alhali burkutu irin wanda ake dafawa a Sabon Gari, da yake ba a sa masa, kwana kaɗan yake yi ya ɓaci.

A ƙasashen da yake yi, irin su yankin Halatau na Jamus da kwarin Yakima na Amurka, har a bayan gida mutane kan shuka shi. Yankin saiwarsa ake binnewa idan sanyi ya wuce, sa'an nan a kafa doguwar sanda a ɗaura igiya. Ana girbi a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, lokacin da curin ya fara bushewa yana ƙara kamar takarda idan an matsa shi. Ɗanyen curi kusan kashi 80 cikin 100 nasa ruwa ne, sai an busar da shi ya koma wajen kashi 10. Ana shimfiɗa shi ba kauri a inda iska ke ratsawa, zafin kuma kada ya wuce kimanin digiri 60 a ma'aunin Salsiyos, domin zafi mai yawa yana korar man da ke ba da ƙanshi. In kuwa aka adana shi da danshi, fumfuna ce za ta cinye shi.

To, me zai hana mu shuka shi a fadamun Samaru, mu yi masa ban ruwa? Amsar tana cikin tsawon yini. A shekarar 1920 wasu masana biyu na Amurka, Garner da Allard, suka gano cewa tsirrai da yawa suna fara fure ne gwargwadon tsawon yini. Daga baya aka gane cewa tsawon dare ne ganye yake aunawa. Hofs yana bukatar dogayen ranaku, na awa 15 ko sama da haka, domin ya yi tsawo ya yi rassa, sai kwanaki sun fara gajarta ya soma fure. Shi ya sa galibi ake noma shi tsakanin digiri 35 da 55 daga layin da ya raba duniya biyu. Zariya kuwa tana kan digiri 11 ne, yininmu ba ya kai awa 13 ko a watan Yuni. A wurin hofs, kullum kaka ce a nan, don haka zai yi fure tun yana ƙarami, amfanin ya zama ɗan kaɗan. Ban da haka, saiwarsa tana bukatar makonni na sanyi mai tsanani ta huta, sanyin da hunturunmu bai kai ba. A garin Joj na Afirka ta Kudu, da ke kan digiri 34, sai da manoma suka riƙa kunna wa gonaki fitilun lantarki domin ƙara tsawon yini, kafin a ƙirƙiro irin da ya dace da wurin.

Kada ɗalibi ya ɗauka wannan dabi'a ta tsiron Turai ce kawai. Dawarmu ta gargajiya, kaura da farafara, haka take. Ko an yi shuka da ruwan farko, ko an makara da 'yan makonni, kusan lokaci guda take fitar da kai, daidai ƙarshen damina. Wannan ne ke sa ƙwayarta ta nuna a cikin rani, ta tsira daga fumfuna. Yakuwa ma sai dare ya fara tsawo, wajen Satumba da Oktoba, take fure, daga nan a sami zoɓorodon da ake aunawa a kasuwar Sabon Gari. Ka'idar shanya shi ɗaya ce da ta hofs: shimfiɗa mai tsabta, iska wadatacciya, a kuma tabbata ya bushe ƙayau kafin a zuba a buhu.

Masu bincike a jami'o'in Nijeriya sun gwada shuwaka da namijin goro a madadin hofs, tun da su ma suna da ɗaci. Ga malamai kuwa, gwajin ajin mai sauƙi ne. A shuka yakuwa a tukwane shida cikin watan Yuni. Idan ta yi wata guda, a riƙa kife uku da kwali daga ƙarfe biyar na yamma zuwa bakwai na safe, ukun kuma a bar su a fili. Ɗalibai su rubuta ranar da kowace ta fara fure. Wanda ya ga sakamakon da idonsa, in an kawo masa baƙon iri, zai fara tambayar daga wace ƙasa ya fito kafin ya sa kuɗinsa.