A je wa likitan haƙori kafin ciwo ya kai mutum

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Ƴan uwa Musulmi, da yawa daga cikinmu ba sa tunawa da likitan haƙori sai kunci ya kumbura, barci ya gagara. A lokacin nan sau da yawa haƙorin ya riga ya lalace, babu abin da ya rage sai cirewa. Alhali kuwa ramin da ruɓewar haƙori ke yi yakan daɗe yana cin haƙori ba tare da zafi ba, kuma idan aka gan shi da wuri, cikewa kawai ake yi. Saboda haka ake son mai lafiya ya je a duba shi sau ɗaya ko sau biyu a shekara.

Da farko likita zai yi tambayoyi: ko akwai ciwon sukari, hawan jini, juna biyu, ko wani magani da ake sha. A faɗi gaskiya, domin ciwon sukari yana tsananta ciwon dasashi, wasu magunguna kuma suna hana jini tsayawa. Daga nan sai ya haska fitila, ya sa ɗan madubi da siririn ƙarfe, ya bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, 32 ga babba, 20 ga yaron da bai yi famfara ba. Zai duba dasashi, harshe da cikin kunci, musamman ga mai shan taba ko mai sa ta a baki. Idan ya yi shakkar wani wuri, sai ya ɗauki hoton haƙorin.

Aswaki sunna ce mai ƙarfi, amfaninsa kuma tabbatacce ne. Sai dai dauɗar da ta daskare a gindin haƙora, wadda ake kira tartre da Faransanci, aswaki ko buroshi ba sa fitar da ita. Likita ne ke kankare ta da na'ura. Akan ji tsami da ɗan jini, amma ba ta cin haƙori kamar yadda ake yaɗawa.

Masu tsoron azuminsu su kwantar da hankali. A 1997, a Jidda, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta yanke cewa wanke haƙori ko cire shi ba ya karya azumi, muddin ba a haɗiye wani abu ba.

Iyaye, a tafi da yara. Wajen shekara 6 turmin farko na dindindin yake fitowa can baya, a ɗauka na nono ne, a bar alewa ta cinye shi, kuma ba shi da madadi. Gyambon dasashi mai wari ga yaron da ke fama da tamowa kuwa, kada a jira: a kai shi asibiti ranar nan, domin yana iya zama cutar da ke cin fuska, wadda likitoci ke kira noma.

Lafiya amana ce. Allah Ya ba mu ikon kiyaye ta, amin.