Shatar mota da karo-karo: Yadda mutumin Potiskum zai ga ƙasarsa da ɗan abin hannunsa

Potiskum garin hanya ne. Titin Kano zuwa Maiduguri ya ratsa shi, na Bauchi ya shigo ta Darazo da Kari, na Gombe ya fita ta kudu, na Gashuwa kuma ya miƙe arewa ta Jakusko. Duk ranar Laraba tireloli kan yi jerin gwano a kasuwar shanu, wadda ake lissafawa cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, su ɗebi dabbobi su nufi kudancin ƙasar nan. Da wuya a sami gida a garin da ba shi da direba, ko yaron mota, ko ɗan kasuwar da ya san tashoshin Legas da Fatakwal kamar tafin hannunsa.

Sai dai kusan duk wannan zirga-zirga ta larura ce: fatauci, ta'aziyya, biki, asibiti, neman takarda a Damaturu. Tafiya don a je a gani kawai ba ta cika shiga lissafi ba. Shekarun rikicin Boko Haram sun koya wa jama'a zaman gida, ga shi kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya zama abin da magidanci ke yi wa dogon nazari kafin ya fita. Sakamakon haka, akwai samari da dama da suka je Legas a saman tirela amma ba su taɓa ganin kwalekwalen Dufuna ba, alhali tsakaninsu da shi tafiyar kimanin kilomita 100 ce.

Hanyar da ta rage wa mai ƙaramin ƙarfi ita ce wadda aka saba da ita tun kaka da kakanni, wato a haɗu a tafi tare. 'Yan majalisar unguwa, tsofaffin ɗaliban makaranta ɗaya, ƙungiyar malamai, ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke garin, matan da ke zubin adashi tare, duk suna da abin da tafiyar ƙungiya ke buƙata: sun san juna, kuma sun saba haɗa kuɗi.

Lissafin kujera

Ribar tafiyar taro tana cikin shata. Wanda ya shiga motar haya daga tasha yana biyan kujerarsa ne zuwa wata tashar, daga nan ya nemi Keke Napep ko wata motar zuwa inda ya nufa, da yamma kuma ya dawo ya zauna jiran mota ta cika. Wuraren da suka cancanci a gani a Yobe yawancinsu ba a bakin titi suke ba, saboda haka waɗannan ƙananan kuɗaɗe su ne ke cinye guzurin matafiyi. Motar shata kuwa tana kai mutane har wurin, ta jira su, ta mayar da su ƙofar gida.

Amma shata tana da tarko, kuma a nan ne yawancin irin wannan shiri ke watsewa. A ƙaddara an yi ciniki da direban bas mai kujera 18 a kan naira 180,000 zuwa da dawowa. Kowa zai biya 10,000. Idan mutum huɗu suka zame a daren tafiya, wannan ya ce an yi masa baƙi, wancan ya kashe waya, ragowar 14 sai kowannensu ya biya kusan 12,900, domin direba ba ruwansa da kujerar da ba kowa a kanta. Daga nan ake fara ƙorafi, wani lokaci har zumunci ya taɓu. Maganin abin shi ne a karɓi kuɗi tun da sauran mako biyu ko uku, a kuma faɗa a gaban kowa cewa wanda ya fasa, kuɗin kujerarsa ba ya dawowa sai in ya kawo wanda zai maye gurbinsa. Maganar tana da ɗaci a farko, amma ta fi sauƙi a kan rigimar bakin mota da asuba.

Kuɗin ma kada a bar shi a hannun mutum ɗaya ba shaida. Mai karɓa daban, mai rubutawa daban, duk wanda ya biya a sa sunansa a zauren WhatsApp na tafiyar. Ciniki da direba kuma a yi shi a tasha, da sanin shugabannin ƙungiyar direbobi, a fayyace ko kuɗin ya haɗa da mai, da jira, da abincinsa. Laraba ba ranar neman shata ba ce a Potiskum, don motoci na da aikin kasuwa kuma direba ba ya cikin yanayin yin ragi. Asabar ta fi.

Abin da ake iya gani a yini guda

Tafiya mafi arha ita ce wadda ba a kwana. A wannan sahu Damaturu ce kan gaba saboda kwalekwalen Dufuna. A shekarar 1987 wani makiyayi Bafulatani yana haƙa rijiya a ƙauyen Dufuna da ke Ƙaramar Hukumar Fune ya ci karo da wani katako a ƙarƙashin ƙasa. Masana daga Jami'ar Maiduguri da Jami'ar Frankfurt ta Jamus suka tono wurin, gwaje-gwaje suka nuna cewa kwalekwale ne da ya kai kimanin shekara 8,000, tsawonsa ya haura mita 8, an sassaƙa shi daga itacen maɗaci. Shi ne mafi tsufa da aka taɓa samu a nahiyar Afirka, yana kuma cikin mafiya tsufa a duniya. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne abin da yake nunawa: a yankin da yau ake kukan kwararowar hamada, an taɓa samun ruwan da ya isa mutane su sassaƙa jirgi irin wannan. Malamin da ya kai ɗalibansa gabansa ya huta da dogon bayani a kan sauyin yanayi. Yana hannun hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, don haka wajibi ne a tuntuɓi jami'anta tun kafin ranar, kada bas guda ta isa ta tarar da ƙofa a rufe.

Ta kudu kuma akwai Fika, tsohuwar hedikwatar masarautar Bolewa kafin a mayar da fadar Potiskum a 1924. Kusa da ita dutsen Daniski yake, inda tarihin Bolewa ya ce sun zauna kafin su sauko. Wuri ne na hawa da ƙafa, ba na tsofaffi da ƙananan yara ba, kuma ladabi ya nuna a fara gaishe da masu gari a nemi ɗan rakiya. Abin da za a ba shi kaɗan ne idan aka raba wa mutum 18, kuma shi ne zai nuna abin da baƙo zai wuce bai lura ba.

Bukukuwa

Bayan an kawar da amfanin gona, Karekare kan yi bikin Barakau a garuruwansu na Nangere da kuma Jalam ta Jihar Bauchi, duka a maƙwabtan Potiskum. Wanda ya je zai ga raye-raye da kayan gargajiyar da ba a fitowa da su sai a irin wannan rana, ya dawo ya kwana a ɗakinsa.

Bikin kamun kifi na Bade ya fi nisa. Ana yin sa a Gogaram, tsohon mazaunin sarakunan Bade, kuma an farfaɗo da shi a 2020 bayan ya daɗe a kwance. Masunta kan faɗa ruwa da gorunansu da homa a lokaci guda, kamar dai yadda ake yi a Argungu, sai dai ɗan Potiskum ba ya buƙatar ratsa jihohi kafin ya kalla. Masarautar Machina ma tana da nata bikin al'adu, da kokawa da hawan dawaki. Matsalar waɗannan bukukuwa ɗaya ce: ba su da tsayayyar rana, ana iya ɗagawa, wata shekarar ma a tsallake. Hikima ita ce a ci gaba da tara kuɗin, amma kada a ba direba kafin alƙalami sai masarauta ko gwamnatin jiha ta fitar da sanarwa.

Haka abin yake ga masu sha'awar hawan Sallah na Kano, wanda UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a watan Disamban 2024. Hawan Daushe abin kallo ne, amma a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan saboda dambarwar masarauta, ga tsadar masauki a makon Sallah. Wanda ba shi da ɗan'uwa a Kano da zai shimfiɗa masa tabarma a zaure, gara ya tsaya ya kalli hawan masarautun Fika da Potiskum a gida, inda ko sisi ba zai kashe ba.

Inda sai an kwana

Wurare biyu sun cancanci kuɗin kwana. Na farko shi ne Dagona, kusa da Gashuwa, cikin dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsayen da ke gudun sanyin Turai kan sauka a lokacin hunturu. Yarima Philip na Ingila ya ziyarci wurin a 1989, abin kunya ne a ce mutumin Landan ya riga ɗan Yobe zuwa. Lokacinsa daga Disamba ne zuwa Fabrairu, kuma tsuntsu da sassafe ake ganinsa, shi ya sa kwana a Gashuwa ya zama dole.

Na biyu Yankari ce a Jihar Bauchi, da giwayenta da ruwan ɗumi na Wikki, wanda zafinsa ke tsaye a kan kimanin digiri 31 rani da damina. Ita ce mafi tsada a cikin duka, domin akwai kuɗin shiga, da na ɗaki, da na motar zagaya daji. Dabarar masu ƙaramin ƙarfi ita ce su kwana a cikin garin Bauchi, mutum uku ko huɗu a ɗaki ɗaya ko a gidan 'yan'uwa, su yi sammako su shiga dajin su fito kafin la'asar. Da rani aka fi ganin namun daji, lokacin da ciyawa ta bushe suka taru a bakin Kogin Gaji. A kuma riƙe ledar abinci da kyau, birran wurin ba su da kunya.

Abinci ma daga gida ya kamata ya fito. Dambu, soyayyen nama, ƙuli-ƙuli, garin kwaki da sukari, dabino, da jarkar ruwa, kowa ya kawo abu ɗaya a haɗa. Abin da mutum 18 za su kashe a gidan abincin bakin hanya sau biyu kan iya cin kaso mai tsoka na kuɗin tafiyar. Idan da mata a tafiyar, a tsara masaukinsu da izinin gidajensu tun farko, ba sai an isa a fara shawara ba.

Akwai kuma inda arha ba ta da amfani. Ba a cusa mutum 22 a motar mutum 18 don rabon ya yi sauƙi, ba a ɗaukar motar da tayoyinta suka suɗe don mai ita ya yi ragi, ba a kuma tafiyar dare. Kowa ya riƙe katin shaidarsa saboda shingayen jami'an tsaro, a bar jerin sunayen matafiya da lambobinsu a hannun wani a gida. Kufan Birnin Ngazargamu ta wajen Gaidam da tuddan yashi na Tulo-Tulowa a Yusufari wurare ne da kowane ɗan Yobe zai so ya gani, amma zuwa can sai an tambayi hukuma da mutanen yankin halin da hanya take ciki a makon, kuma in suka ce a dakata, a dakata. A duk tafiyar da za a je bakin ruwa, ko Gogaram ko Wikki, a ware mutum ɗaya wanda ba shi da aiki sai ƙirga yara, lokacin sauka daga mota da lokacin komawa cikinta.