Babur Ɗin Farko: Wanda Zai Bi Kwalta Ya Kuma Shiga Burji

Duk wanda ya taɓa komawa ƙauye hutu da damina ya san inda kwalta take ƙarewa. Daga nan sai burji, sai yashi, sai kwazazzabon da ruwan jiya ya haƙa. A irin wannan hanya ne ake ganin babur mai ƙyalli ya kafe a laka, mai shi ya sauko yana turi, wani kuma mai dogayen ƙafafu ya zo ya wuce kamar ba komai. Wannan na biyun shi ne maganarmu ta wannan mako: babur mai hanya biyu, wanda aka ƙera domin ya yi tafiya a titi ya kuma shiga daji.

Mun san yawancinku ba ku kai shekarun tuƙi ba. A Najeriya sai mutum ya cika shekara 18 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa take ba shi lasisi, kuma na babur shi ne rukunin A. Amma wasunku suna ajin ƙarshe, wasu kuma suna da yayye da ke tara kuɗi. Kuskure wajen zaɓen babur na farko yana cin kuɗin gida, wani lokaci har ya ci ƙafa ko rai. Saboda haka gara a sani tun yanzu.

Yadda ake gane shi

Irin wannan babur ya shahara ne tun 1968, lokacin da kamfanin Yamaha na Japan ya fito da DT-1. Alamominsa uku ne. Tayar gaba ta fi ta baya girma, galibi inci 21 ko 19, domin babbar taya ta fi sauƙin haye rami da dutse. Shokozobansa dogo ne, yana shanye gargada kafin ta iso bayan mai tuƙi. Sannan cikinsa ya yi nesa da ƙasa, inji ba ya bugun tudu. Duk da haka yana da fitila, sigina, madubi da wurin lamba, don haka doka ta yarda ya hau titi.

Kada girma ya ruɗe ku

A hotunan Facebook za ku ga manya irin BMW R 1250 GS, wanda nauyinsa ya kusa kilo 250, wato kamar buhun siminti biyar. Sabon ɗan koyo zai faɗi, babu makawa, musamman a yashi. Tambayar ita ce: idan babur ya kwanta a tsakiyar daji, zai iya ɗaga shi shi kaɗai? Ga kuma ƙarfin inji. Babban inji ba ya yafe kuskure. Hannu ya ɗan murɗa mai fiye da kima, babur ya fizge.

Shi ya sa muke ba da shawarar inji tsakanin cc 125 da 200. Ga misalai uku. Yamaha XTZ125 yana da cc 124, tayar gabansa inci 21, nauyinsa bai kai kilo 120 ba. Honda XR150L yana da cc 149, tayar gaba inci 19, nauyi kusan kilo 130, kuma iska ce take sanyaya injinsa, babu ruwan lagireto da zai zube. Yamaha AG200 kuwa domin manoma aka yi shi, yana da wurin ɗaura kaya gaba da baya, an kuma rufe sarƙarsa saboda ƙura da laka. Ba shi da gudu sosai, amma ma'aikatan lafiya da malaman gona a ƙasashen Afirka da dama sun daɗe suna shiga ƙauyuka da shi.

A zauna a kai tukuna

Tsawon da yake taimakon wannan babur a daji shi ne kuma matsalarsa. Sirdin XTZ125 da na XR150L duk sun haura santimita 80 daga ƙasa. Kafin a biya kuɗi, a hau a zauna. Idan ƙafafu biyu ba su taɓa ƙasa ba, ko da da gaban tafin ne, to a nemi wani. Faɗuwar ɗan koyo ta fi yawa a lokacin tsayawa da juyawa a hankali, inda ƙafa take neman ƙasa ta rasa.

A tambayi bakanike kafin dila

Dila yana son ya sayar, bakanike kuwa shi zai ga babur idan ya lalace. A je wurin na unguwa a tambaye shi: ana samun kuloci, sarƙa da tayar wannan a kasuwarmu? Babur ɗin da sai an jira kayan gyaransa daga Legas zai shafe makonni a jingine a zaure. A nan ne Bajaj Boxer ya yi wa sauran zarra a Arewa. Ba cikakken mai hanya biyu ba ne, amma kusan kowane gari akwai kayansa da wanda ya iya gyaransa. Ga wanda yawancin tafiyarsa a kwalta take, burji kaɗan, Boxer da tayoyi masu gwaɓin ƙura zai iya wadatar da shi.

Idan na hannu za a saya, a tayar da shi injin yana sanyi. Shuɗin hayaƙi alama ce cewa yana shan baƙin mai. A duba shokozoban gaba ko yana tsiyayar mai, a duba haƙoran da sarƙa ke hawa ko sun yi tsini. Mafi muhimmanci, lambar inji da ta jikin babur su dace da abin da ke takarda. Babur mai araha marar takarda yana iya zama na sata, ya kai mai saye ofishin 'yan sanda.

Kuɗin hular kwano yana cikin lissafi

Wanda ya kashe duk kuɗinsa a kan babur ya bar kansa a buɗe bai gama saye ba. Binciken masana lafiya ya nuna hular kwano tana rage haɗarin raunin kai da kusan kashi 70 cikin 100, na mutuwa kuma da kusan kashi 40. A haɗa da takalmi mai rufe idon sawu da safar hannu. A kuma tattare doguwar riga ko hijabi, domin sarƙa da taya suna kama tufa su ja mutum ƙasa. Sannan a bincika dokar jiha, tunda wasu jihohi sun taƙaita hawan babur saboda tsaro.

Koyo kuma a fili ake fara shi, tare da babba wanda ya iya, ba a titin kasuwa ba. A koyi sakin kuloci a hankali, a koyi taka birki. A kwalta birkin gaba ne yake yin yawancin aikin tsayawa, amma a yashi wanda ya damƙe shi da ƙarfi zai sha ƙasa. A can, a tsayar da mai daidai, a ja jiki baya kaɗan, ido ya kalli inda ake son zuwa.

Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya fara da ƙaramin babur ya ƙware, babban yana nan yana jiransa, kuma iyayensa za su riƙa ganin dawowarsa gida lafiya kowace yamma.